Reto a Ƙarƙashin Jirgin Sojan Ruwa

An ce hotona na rataye a ɗakin Inna a Funtuwa, can saman jeren kwanukanta, har gilashi aka yi masa. Ƙanwata Bilki ce ta faɗa a kaset ɗin da suka aiko mana. Wai mata daga unguwanni suke zuwa kallo: ga Zuwaira a Amurka tana reto a ƙarƙashin jirgi mai saukar ungulu, wani Bature soja ya riƙe ta, ta wangale baki tana dariya. Wai 'yan ajinmu na sakandare cewa suke ni kam na gama dacewa.

Ba dariya nake ba. Ihu nake. Tunda wanda ya aika hoton bai ga dama ya haɗa da bayaninsa ba, ni zan rubuta da hannuna, duk da cewa har yau in injin yankan ciyawa ya tashi a maƙwabta sai in zabura ina duban sama.

Na sauka a Greensboro ana tsakiyar sanyi, ina amarya, da akwati ɗaya da ƙullin kuka da daddawa. Malam, wato maigidana, ya riga ni zuwa, yana karatun digiri na biyu a fannin noma. Ya kama mana rabin wani tsohon gidan katako a unguwar Glenwood, ɗaya rabin kuma ɗalibai ne masu kiɗa. Ko tari ka yi sai sun ji, su kuma ba sa damuwa da abin da kake ji nasu. Da safe Malam zai hau kekensa ya tafi makaranta, ni kuwa in zauna gaban hita, na'urar ɗumama ɗaki, ina kallon kurege yana hawa bishiya yana saukowa. Na taɓa yini cur ban yi magana da kowa ba sai shi kuregen. Ranar da na fara ƙoƙarin hawa bas ni kaɗai, direban ya dube ni tun daga ɗankwali har takalmi, ya ja motarsa ya wuce kamar turke ya gani a bakin titi.

Allah ya haɗa ni da Anti Ramatu, 'yar Maraɗi, wadda ke zaune a layin bayanmu, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ita ta nuna min garin masarar da mutanen nan ke dama kununsu na safe da shi, ta ce in na tuƙa shi da ƙarfi zai yi kama da tuwo. Ya yi kama da tuwo kamar yadda hoto ke kama da mutum. Amma ranar na ci ina kuka.

Babbanmu a garin shi ne Alhaji Tukur, malami a jami'a, ƙanen mahaifin Malam. Shi ya samo wa Malam gurbin karatu, saboda haka a wurina suruki ne cikakke. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa fara yi masa magana ba. Ko a filin ajiye motoci na kanti muka haɗu sai na durƙusa har ƙasa, Turawa na kewaye ni da kekunan sayayyarsu suna waige.

Daga Glenwood sai Irving Park, inda na san wani irin wulaƙanci da ake yi da murmushi. Makarantar su Malam kan haɗa ɗaliban ƙasashen waje da wani gida na 'yan gari, wai don kada kewa ta kashe su. Mu aka haɗa mu da Misis Dabni, matar wani attajiri. Gidanta in ka shiga sai ka rage sautin numfashinka. Duk lokacin da za ta tara ƙawayenta shan shayi sai ta bugo waya: a turo mata 'yarta ta Afirka, kuma don Allah ta sanyo kayansu na gargajiya. Sai in ɗaura atamfata in je in zauna a tsakiyarsu. Wannan ta taɓa ɗankwalina, waccan ta kama hannuna tana juya lallen da ya rage a farcena. Turanci na ci jarrabawarsa da kyau a sakandare, amma in za su tambayi wani abu a kaina, Malam suke tambaya, ina zaune: tana cin kaza? Ta taɓa ganin firji kafin ta zo?

Na yi wa Malam ƙorafi a hanyar dawowa, ya ce, "Ki yi haƙuri, Zuwaira. Gidan da muke ciki na mijinta ne, kuma shi zai yi min magana a gonar gwaji in an yi hutu. Shan shayi ne kawai, ba fatarki suke yanka ba."

Na haƙura. A lokacin gaskiya ne, shan shayi ne kawai.

Da sanyi ya wuce itatuwa suka yi fure, sai ƙamshin furen ya riƙa tayar min da zuciya. Warin mai a kasko ma haka. Wata rana Anti Ramatu ta same ni a bayan gida ina tsotsar lemon tsami da gishiri. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Bon. Amarya, wata nawa?"

Na rufe fuska da gyale.

"Ke, ni ce fa, ba uwar mijinki ba. Kin je wurin lokotoro?" Likita take nufi, a Hausarsu ta Maraɗi.

Na girgiza kai.

"Shi gogan ya sani?"

"Ban faɗa ba, Anti."

"Yo ba ki faɗa ba, shi makaho ne?"

Ba makaho ba ne. Shi ke jan mu salla a ɗaki, ya kuma ga watanni sun shige ban sha salla ko sau ɗaya ba. Ba wanda ya roƙe shi, ya fara shigowa da ledar lemon tsami yana ajiyewa kan tebur ya kau da kai. Ya daina bari in ɗauki kwandon wanki. Ya sani, na san ya sani, kuma ba wanda ya buɗe baki. Kun san mu da cikin fari. Inna har yau ba ta kama sunan Yaya, ɗanta na fari, sai dai ta ce "wancan". A gida wannan shirun ba ya cutar da kowa, domin akwai gwaggo da kaka da maƙwabciya, masu ido, waɗanda za su gani su yi abin da ya kamata ba sai ka furta ba. Ba wanda ya gaya min cewa in ka ɗauki shirun ka tsallaka teku da shi, ka baro masu idon a baya, ya zama wani abu dabam.

Ana cikin haka Misis Dabni ta bugo waya tana rawar murya. Wai jirgin ruwan yaƙi na wata ƙasar Turai ya zo gaɓar teku yin atisaye da sojan ruwan Amurka, kuma helikwaftocinsa biyu, wato jirage masu saukar ungulu, za su shigo cikin ƙasa ziyarar sada zumunci. Za su sauka a filin wata gonar dawaki a Summerfield, ta abokin mijinta. A zo da Alhaji ma. Kuma 'yarta ta sanyo atamfar nan mai ruwan lemo, don ita ke fitowa da kyau a hoto.

Ban so zuwa ba. Malam ya ce Baba, wato Alhaji, da kansa zai zo ɗaukarmu a motarsa, ta yaya za a ce masa ba ni zuwa, a kan wane dalili? Dalilin kuwa shi ne abin da ba a faɗa. Na shirya.

Summerfield fili ne da shingayen katako farare da dawaki masu ƙiba. An taru sosai, mata da manyan huluna, maza da gwangwanin lemo a hannu, hayaƙin gashin nama na tashi. Kafin mu ga komai muka fara ji: fat-fat-fat daga bayan itatuwa, ƙarar da ba a kunne take tsayawa ba, a ƙirji take bugawa. Dawaki suka zabura suka yi ƙarshen shinge. Sai ga su sun ɓullo, biyu, ruwan toka, manya kamar motar kaya, cikinsu kamar gindin kwalekwale, da tutar ƙasarsu a gefe. Suka tsaya cak a sama, suka sauko a hankali, ciyawa ta kwanta musu.

Wani hafsa mai fararen kaya ya hau kan akwati da lasifika ya fara bayani. Ya ce babban aikin na farkon shi ne farautar jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku. Zai tsaya a saman ruwa ya zura wata na'ura mai kamar tulu da igiyar waya har cikin teku. Na'urar kunne ce. A cikin jirgin akwai mutumin da ba shi da aiki sai saurare, yana iya jin motsin inji daga nesa mai nisa, ya kuma bambanta shi da kukan kifi. In ya ji, sai su saki wani dogon bam mai kamar gungumen icce, shi kuma ya bi ƙarar a cikin ruwa har ya iske mai ita. Wata mata ta tambaya ko mutum nawa ke cikin irin jirgin da ake nutsarwa. Ya yi murmushi ya ce, "Da dama, madam." Aka yi dariya aka tafa, da nama a baki. Na biyun kuma, in ji shi, shi ke kwasar sojoji daga jirgin ruwa ya zube su a gaɓar abokan gaba, ya kai abinci da wasiƙu daga wannan jirgi zuwa wancan, ya ɗauko wanda aka ji wa rauni.

Alhaji ya karkato wajen Malam. "Ka ji fa. Kunne a cikin ruwa."

"Baba, da za a kai wannan Tafkin Chadi, ai 'yan fasa-ƙwauri sun shiga uku."

"Kai dai bari. Wa zai yi masa sabis? Kafin shekara ka ga kunnen a kasuwar 'yan gwangwan, wani ya saya yana zuba manja."

Suka yi dariya. Ni ma na yi murmushi a bayan gyale, ina lissafin yaushe za a tashi.

Sai hafsan ya ce saura aikin da suka fi alfahari da shi, wato ceto. In jirgi ya nutse ko matuƙi ya faɗa teku, su ke zuwa su zura mutum da igiya ya ɗauko shi. Ya ce za su nuna, kuma mai masaukinsu ta riga ta zaɓar musu baƙuwa ta musamman da za a ceta. Ban gama fahimtar wa ake nufi ba sai na ji hannun Misis Dabni a wuyan hannuna, ta ɗaga shi sama kamar na ci dambe. Ga mai hoton jarida a bayanta. Ashe tun a waya an gama cinikina, atamfar ma don haka aka zaɓe ta.

Na turje. Na dubi Malam. Kafin ya yi magana Alhaji ya ce, "Je ki, 'yata. Ki nuna musu mu ma ba matsorata ba ne."

Aka ja ni tsakiyar fili, Malam da Alhaji da Misis Dabni na biye. Wanda zai ɗauke ni wani ƙaton soja ne mai jan gemu. Ya dubi zanena, ya dubi sama, ya ciro wata 'yar igiya daga aljihu ya durƙusa ya ɗaure min bakin zanen a idon sawu, bai ko taɓa fatata ba. Wannan alherin ban manta ba. A duk filin nan shi kaɗai ya yi tunanin abin da iska za ta yi wa mace mai zane.

Ya miƙe ya dube ni. "Madam, kina da ciwon zuciya?"

Na girgiza kai.

"Ciwon baya?"

Na girgiza kai.

"Kina da ciki?"

Na ji shi sarai, babu kalmar da ta shige min duhu. Alhaji na tsaye kusa da ni, in na miƙa hannu zan taɓa babbar rigarsa. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmin Malam, ina jira. Ba sai ya faɗi gaskiya ba. Ya ce tana da jiri, ya ce zazzaɓi ta kwana da shi, ya ce addininmu ya hana, ƙarya dubu ce a buɗe gabansa. Malam ya dubi Alhaji. Alhaji ya juya yana kallon dawaki, kamar yadda babba kan yi in an ambaci abin da bai kamata ya ji ba. Sai na ji muryar mijina da Turanci: "Lafiyarta ƙalau. Babu komai."

Sojan ya ce, "Ita nake tambaya."

Misis Dabni ta yi dariya ta dafa kafaɗata. "Kunya ce da ita. Haka suke, abin sha'awa."

Na san abin da wasu za su ce: ke ba ki da baki ne? Ina da shi. Amma tun ina goye ake koya min rufe shi a daidai wannan gaɓar, a gaban daidai irin wannan mutumin, kuma waɗanda suka koya min su ne yau ke tambaya don me ban buɗe ba. Sojan ya jira, ya jira, ya ɗaga kafaɗa ya yi wa matuƙi alama.

Aka janye kowa baya. Jirgin ya tashi ya kewayo ya tsaya a kanmu. Ban san iska na da nauyi ba sai ranar. Ta danne ni, ta cika min baki da ƙasa, ta fizge ɗankwalina da gyalen gaba ɗaya, kitsona ya fito fili a gaban ɗaruruwan mutane da surukina. Igiya ta sauko da ƙugiya. Sojan ya zura min wata ɗamara mai kauri ta ƙarƙashin hammata, ya maƙala nasa ƙarfen, ya harɗe gwiwoyina da ƙafafunsa. Sai ƙasa ta gudu daga ƙarƙashina.

Ɗamarar ta matse min haƙarƙari har numfashi ya gagara. Ƙarfen ɗamararsa kuwa ya nutse daidai marata. Muka fara juyawa: rufin barga, motoci, itatuwa, rufin barga kuma. Mutane suka koma kamar tsaba a faifai. A nan ne aka ɗauki hoton da ke ɗakin Inna. Da muka kusa ƙofar jirgin, iska ta kaɗa mu gefe ta dawo da mu, gefen cikina ya bugi ƙarfen matakala. Wani zafi ya tsarga min daga cibiya har baya.

Aka jawo mu ciki. Warin kananzir, ƙara kamar ana daka a cikin kai. Can a lungu na hango mutumin nan mai saurare zaune gaban na'urarsa, abin ji a kunnuwansa, yana min murmushi yana ɗaga babban yatsa. Na cafki rigar mai jan gemu da hannu ɗaya, ɗayan a marata, na kwarara masa abin da na kasa faɗa a ƙasa. Ban sani ba ko ya ji ko bakina ya karanta. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya yi wa matuƙi magana ta na'urar da ke bakinsa, maimakon a sauke ni da igiya kamar yadda aka tsara, jirgin ya sauka da ni a ciki.

Mai jan gemu ya riƙe ni har na taka ƙasa, ya wuce kai tsaye wurin Malam, ya ja shi gefe yana nuna shi da yatsa yana faɗa. Ƙarar farfela ta hana kowa ji. Misis Dabni ta iso da gudu tana dafe da hularta, abin da ta fara cewa shi ne, "Me ya faru? Mai hoto bai samu saukowar ba!" Ba ta ko kalli yadda na duƙe ba.

Sojan ya ce likitansu ya duba ni. Malam ya ce a'a, ya gode, zai kai ni asibiti da kansa. Amma da muka nufi mota sai ya raɗa min da Hausa, "Ki daure. Baba zai ajiye mu gida, in ya tafi sai in nemo motar mijin Anti Ramatu."

Muka kama hanya, su biyu a gaba, ni a baya da gyalen da wata mata ta tsinto min a jikin shinge. Alhaji na cikin nishaɗi. "Kai, 'yar nan jaruma ce. Sai na rubuta wa mutanen gida. Ka ga yadda ya tsaya a sama kamar an kafe shi?" Yana tuƙi a hankali irin nasa, yana barin kowa ya wuce shi. Malam yana ta "Haka ne, Baba", wuyansa ya jiƙe da gumi.

Sai na ji ɗumi a ƙarƙashina. Na sa hannu, na duba.

Na dubi ƙeyar Malam. Na dubi gonakin da ke wucewa a hankali, ga Glenwood can da nisa, ga sallama da godiya da za a tsaya yi a ƙofar gida, ga neman mota. Duk wannan don kada kunnen dattijo ya ji kalma ɗaya. Wani abu ya taso min wanda ya fi tsoro ƙarfi.

Na ce, "Baba."

Ban taɓa kiransa ba tunda aka kawo ni gidansu.

"Baba, ciki gare ni, kuma jini nake zubarwa. A kai ni asibiti."

Motar ta yi wani layi kamar za ta bar titi. Malam ya juyo ya ce, "Zuwaira!" Kuma wallahi ba muryar tsoro ba ce, muryar tsawatarwa ce, irin wadda ake yi wa yaron da ya sa hannu a kwanon baƙi. Wannan kiran sunan ya fi min ƙarfen matakala ciwo.

Alhaji bai ko kalli madubi ba. Salati kawai ya kama, ya taka mota. Mutumin da ko keke ke wuce shi, ranar har jar wuta ya keta. Da muka isa bai fito ba, ya kifa kansa a sitiyari.

Aka kwantar da ni a wani ɗaki mai sanyi. Wata nas baƙar fata, dattijuwa mai furfura, ta riƙe hannuna tana ce min 'yar lele. Ta tambayi wata nawa, na faɗa mata da bakina, ba Malam ba, don na ce ya tsaya a waje. Ta shafa min wani mai mai sanyi a mara, ta ɗauko wata 'yar na'ura kamar ƙaramar rediyo, ta ɗora kanta a cikina. Sai shuuu, shuuu, kamar ruwa na gudu. Ta matsa gefe. Shuuu. Ta matsa ƙasa, ta danna, ta karkata kai tana saurare, murmushinta ya ɗauke. Ni kuwa mutumin nan na cikin jirgi ya faɗo min a rai, mai neman motsi a ƙarƙashin teku don a kashe shi. Na ce ya Allah, Ka sa wannan ta ji nata.

Shuuu. Shuuu.

Sai fat-fat-fat-fat, da sauri, da ƙarfi, ya cika ɗakin. Na zabura na ƙanƙame ƙarfen gado ina kallon silin, na ce, "Sun dawo!"

Nas ɗin ta danne kafaɗata tana dariya, idonta da ƙwalla. "Ba kowa, 'yar lele. Zuciyarsa ce. Ji yadda yake masifa."

Na ce kada ta cire. Ta bar min shi har na gaji da kuka.

Likita ya ce in kwanta, kada in ɗauki ko buta, kuma ba a fita daga hatsari ba tukuna. Ga ni nan kwance a Glenwood, a nan nake wannan rubutun, takarda a kan faranti. Misis Dabni ta aiko da furanni da yankin jaridar da hoton ya fito. A waya kuma ta ce wa Malam ba ta ji daɗi ba, da an gaya mata, na sa ta jin kunya a gaban baƙinta. Ni na sa ta.

Hajiya, matar Alhaji, ta zo dubiya da kwanon farfesu. Ba ta gama zama ba ta ce, "Sannu. Amma ke kuwa, Zuwaira, a gaban Alhaji? Da bakinki? Bawan Allah ranar ko abinci bai iya ci ba. Har an fara cewa Amurka ta cire miki kunya."

Anti Ramatu na bakin gado tana yanka min farce. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Hajiya, a gaishe da Alhaji, Allah ya ba shi lafiyar cin abinci. Amma da ta yi shiru, da yanzu kunyar za ku yi wa suna ku yanka mata rago?"

Hajiya ta tattara gyalenta, ko kwanon ba ta jira ba.

Shi Alhaji bai sake haɗa ido da ni ba. Sai dai duk Juma'a mukan tarar da ledar lemon tsami a bakin ƙofa, Malam kuma ya rantse ba shi ke ajiyewa ba. Malam yanzu shi ke tuƙa tuwo, da gudaji, shi ke wanki. Ya ba ni haƙuri, ya ce shi ya ɗauka abin ɗan lokaci ne, a ɗaga ni a sauke. Na ce masa na ji. Ban ce na yafe ba, don ban kai wurin ba tukuna, kuma na gaji da faɗin abin da ba shi ne a raina ba. Amma da Alhaji ya nemi hoton don a aika gida a ga abin alfahari, Malam ne ya saka shi a ambulan da hannunsa, bai ƙara ko layi ɗaya ba.

To ni na ƙara. Bilki, ki karanta wa Inna wannan daga farko har ƙarshe, kada ki tsallake ko'ina, ko da za ta tashi ta bar miki ɗakin. Ina da ciki, ya shiga wata na shida, yana motsi, ina kuma neman addu'arku da sunansa na ciki, ba "wancan abin" ba. Hoton kuwa ba sai an sauke shi ba. In mata sun zo kallo, ki ce su matso su ƙirga da kyau. Mu uku ne a kan igiyar nan.